Amsa ga Alhajin da ke son kai ɗansa ƙaramar makarantar share fage a Ingila

Wani bawan Allah ya rubuto daga Kano yana cewa: "Malam, ina da yaro ɗan shekara takwas. Abokin kasuwancina ya ba ni shawarar in kai shi wata ƙaramar makarantar kuɗi ta kwana a karkarar Ingila, irin waɗanda ke shirya yara su shiga manyan makarantu kamar Eton ko Harrow. An ce ɗalibanta ba su kai ɗari biyu ba. Yaya zaman irin wannan wuri yake, me ake koyarwa, kuma ya dace in kai shi yanzu?"

Alhaji, Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka. Na yi shekara tara ina koyar da lissafi a irin wannan makaranta a kudancin Ingila, huɗu daga ciki ina kwana a ɓangaren yara ina taya malamin gida kula da su. Don haka abin da zan faɗa maka na gani ne da idona, mai daɗi da marar daɗi.

Sunan da suke kiran waɗannan makarantu da shi, wato prep school, daga kalmar "shiri" ya fito, kalmar nan da 'yan makarantar kwana a wajenmu suka mayar firef. Aikinsu ɗaya ne tun asali: su karɓi yaro yana ɗan bakwai ko takwas, su shirya shi, su miƙa shi babbar makarantar kuɗi yana ɗan sha uku. Tsohon tsari ne. Summer Fields da ke Oxford ta fara a 1864, Dragon ta biyo baya a 1877 a gari ɗaya, ƙungiyar shugabannin waɗannan makarantu, wadda yanzu ake kira IAPS, an kafa ta a 1892. Sarki Charles ya yi Cheam tun daga 1957, 'ya'yansa William da Harry kuma Ludgrove suka yi. Amma kada waɗannan sunaye su sa ka ɗauka duk haka suke. Akwai irinsu ɗaruruwa, kuma mafi yawa ba wanda ya san su sai mutanen gundumarsu: tsohon gidan wani attajiri a tsakiyar gonaki, filayen wasa, ƙaramin coci, malamai ashirin da 'yan kai. Yawancinsu yau maza da mata ne, kuma ɗaliban jeka-ka-dawo sun fi na kwana yawa nesa ba kusa ba.

Abin da mutum ke saye da kuɗinsa a ƙaramar makaranta, a ganina, abu guda ne: a san ɗansa. Gine-gine da wurin ninkaya duk ana samunsu a wasu wurare. Amma inda yara ɗari da hamsin ne kawai, hedimasta na tsayawa a bakin ƙofa da safe yana gaida kowane yaro da sunansa, ya san sunan ƙanwarsa, ya san jiya an ci ƙungiyarsu a ƙwallo. A ajina ban taɓa wuce yara sha shida ba, alhali ajin makarantar gwamnati a can yakan kai talatin. Da sha shida, kafin a buga ƙararrawa na leƙa littafin kowa. Wanda bai gane rabawa ba, ba sai ƙarshen zango zan sani ba, a ranar zan sani.

Kuma sanin bai tsaya a aji ba. Kowace safiya, kafin darasi, malamai kan taru na minti goma a ambaci yaran da ake da damuwa a kansu. Wata rana mai raba abinci ce ta fara cewa wani yaro ɗan tara ya kwana uku yana mayar da farantinsa kusan a cike. Malamar Turanci ta ce rubutunsa ma ya lalace a makon. Ni kuma na tuna ya daina ɗaga hannu. Kafin la'asar an gano iyayensa na shirin rabuwa ne, kuma shi ya ji ta bakin yayansa. A makarantar yara dubu, wa zai haɗa farantin abinci da rubutu da ɗaga hannu wuri guda? Wannan shi ne amfanin ƙanƙanta, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Yini kuwa a cike yake fal. Ana tashin 'yan kwana wajen ƙarfe bakwai, a karya kumallo, 'yan jeka-ka-dawo su iso da takwas da 'yan mintoci. Sai taron safe, wanda a makarantu da yawa a coci ake yinsa, zan dawo kan wannan. Darussa gajeru ne, minti talatin da biyar zuwa arba'in. A wajen cin abincin rana malami ke zama a kan kowane teburi, yana ci yana gyara musu riƙon cokali, yana koya musu su saurari na kusa da su, su yi wa mai dafa abinci godiya. Bayan haka sai fili, kusan kullum, ko ana ruwa ko ana sanyin da ke ƙandarar da yatsu. A wajen maza, zangon farko ƙwallon ƙafa ne ko zari-ruga, na biyu hoki ko abin da ya rage daga cikin biyun, na uku kurket. Laraba da Asabar da yamma ake karawa da wasu makarantu, kuma da yake yaran ba su da yawa, ko wanda bai iya ba sai ya samu shiga wata ƙungiya ya sa rigar makaranta. Da yamma a yi firef a gaban malami, a ci abincin dare, a ɗan yi wasa, ƙanana su kwanta kafin takwas. Waya ba ta kwana a hannun yaro. Akwai lokacin da ake ba shi ya kira gida. Inda ake da 'yan kwana sosai har Asabar da safe ana shiga aji.

Duk wanda ya yi Barewa ko wata tsohuwar sakandaren gwamnati a Arewa zai ji kamar ya san wurin: raba ɗalibai gida-gida, gasar gidaje, firfet, ƙararrawa, duba tsaftar ɗaki. Daga can Turawa suka kwaso tsarin suka dasa a Kwalejin Katsina, har da wasan ƙwallon bangon nan na Eton da Sardauna ya ƙware a kai.

Ta fuskar karatu, makarantun kuɗi a Ingila ba dole ne su bi manhajar gwamnati ba, kuma wannan 'yancin ne ke ba su damar yin abin da ya bambanta su. Tun yaro na ɗan takwas ko tara yake fara samun malami daban ga kowane fanni, maimakon malami ɗaya ya riƙe aji yini guda. Kimiyya a ɗakin gwaje-gwaje ake yi, da wuta da kwalabe. Faransanci tun da wuri. Latin, tsohon harshen Rumawa, yakan shigo wajen shekara tara ko goma, masu ƙoƙari sosai kuma a ƙara musu Girkanci. Iyaye 'yan Najeriya sun sha tambayata amfanin harshen da ba mai magana da shi. Nakan ce musu wanda ya taɓa zama gaban malami ya karanta nahawun Larabci, ya san yadda ƙarshen kalma ke sauyawa gwargwadon aikinta a jimla, ya riga ya san amsar: horar da ƙwaƙwalwa ne ta riƙa lura. Yaran da suka iya Latin su ne suka fi saurin gano inda suka yi kuskure a aljabara.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne yadda ake sa yaro ya buɗe baki. Ana ba ɗan shekara tara waƙa ya haddace ya karanta a gaban makaranta duka. Ana muhawara. Ana wasan kwaikwayo wanda kowa ke da rawar da zai taka. Malami zai faɗi abu ya tambaya, "Wa bai yarda da ni ba?" kuma da gaske yake nema. Yaron da ya taso a gidan da ake sunkuyar da kai in babba na magana yakan sha wuya a watannin farko, don a can rashin kallon idon malami alamar ɓoye wani abu ce ko rashin kulawa. Na sha zama da abokan aikina ina yi musu bayanin cewa ladabi ne. Yaro kan koyi riƙe biyun, amma sai an taimaka masa ta ɓangarorin biyu.

Sai batun jarrabawa, kuma a nan ne abokinka bai ba ka cikakken labari ba. Jarrabawar fita ita ce Common Entrance, sunan da muka sani a Najeriya, amma tasu daban ce. An fara ta a 1904, hukumar ISEB ke shirya ta, ana rubuta ta a farkon watan Yuni na shekarar ƙarshe. Turanci da lissafi da kimiyya su ne ginshiƙi, sai Faransanci, Latin, tarihi, labarin ƙasa da nazarin addini. Makarantar da yaro zai shiga ita ke duba takardunsa, ita kuma ke yanke makin da take so. To amma yanzu ba a nan ake yanke hukunci ba. Manyan makarantu na zaɓen yaransu tun suna 'yan goma zuwa sha ɗaya, ta wata jarrabawar kwamfuta mai auna Turanci, lissafi da kaifin tunani, wadda ke ƙara tsauri in yaro na amsawa daidai. Daga nan sai ganawa ido da ido, sai kuma wasiƙar sirri da hedimasta ke rubutawa a kan yaro. Eton na son a yi wa yaro rajista kafin ya wuce aji biyar, wato yana ɗan goma. Wasu makarantun ma sun daina neman Common Entrance ɗungurungum.

Wasiƙar hedimastan nan tana da nauyi ƙwarai, kuma saboda haka ba zai rubuta ƙarya ba, don in ya yi sau ɗaya ba za a sake yarda da shi ba. Idan ya ga ɗanka ba zai ji daɗin Harrow ba, zai kira ka ya faɗa maka, ya nuna maka wata makarantar da ba ka taɓa jin sunanta ba. Na ga iyayen da suka fusata da wannan, suka cire yaro. Na kuma ga waɗanda suka saurara, bayan shekaru suka dawo da godiya. Babu makarantar share fage ta ƙwarai da za ta yi maka alkawarin Eton. Wadda ta yi maka, ka kama hanyarka.

Kuɗi ba zan daɗe a kai ba, ka fi ni sanin aljihunka. Na kwana yakan haura fam 30,000 a shekara, wasu sun wuce haka da yawa, ban da kayan makaranta, darasin kiɗa, tafiye-tafiye da kuɗin jirgi. Daga 1 ga Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari a kan kuɗin makarantun kuɗi, kuma ƙananan makarantu ne abin ya fi girgizawa. Wasu sun rufe, wasu sun haɗe da manya. Makarantar da ke da yara ɗari da hamsin, in iyalai goma suka janye, ta ji a jikinta. Ka tambayi yawan ɗalibansu na shekara biyar da suka wuce zuwa yau. Idan a matsayin ƙungiyar jinƙai aka yi mata rajista, lissafin kuɗinta na nan a shafin hukumar kula da irin waɗannan ƙungiyoyi, kowa na iya dubawa. Ka kuma sani cewa cire yaro sai da sanarwar zango guda cur, in ba haka ba ka biya kuɗin zangon.

Ƙanƙanta na da wani farashin ban da wannan. In malamin kimiyya ɗaya ne kuma bai iya koyarwa ba, shi ke nan har tsawon shekaru. In yara maza bakwai ne a aji kuma ɗanka bai shiga ransu ba, ba shi da wasu da zai koma wajensu. Kuma a karkarar Ingila mai yiwuwa ne shi kaɗai ne baƙin fata a ajinsa, ko shi kaɗai ne Musulmi a makarantar.

A nan nake so ka ba ni hankalinka sosai. Galibin waɗannan makarantu a kan tafarkin Cocin Ingila aka gina su. Taron safe da waƙoƙin coci ne da addu'arsu, ranar Lahadi kuma 'yan kwana na da ibada. Ba su tilasta wa yaro ya bar addininsa, kuma mutanen da na yi aiki da su masu mutunci ne: in ka nema za su ba shi ɗakin salla, su daina sa masa naman alade, wasu har su nemo naman halal. Sai dai ba da wuri daban, tunatarwa daban. A watan Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa tsakanin darasi da filin wasa. A watan Yuni kuma Isha sai bayan yara sun daɗe da barci, Asuba tun kafin huɗu. Wa zai ce wa ɗan shekara takwas ya tashi ya yi alwala? Wa zai saurari haddarsa? Juma'a kuwa ranar karatu ce, masallaci mafi kusa yana iya zama tafiyar rabin awa a mota.

Akwai wani yaro daga Arewa da aka kawo mana yana ɗan takwas, irin shekarun naka. Mai kaifin basira ne, kowa na sonsa. Makonninsa na farko yakan zo ɗakina da dare don kawai ya ji an yi masa Hausa. Yakan yi kuka a ɓoye, metiron, matar da ke kula da yara a ɗakin kwana, kuma ta sha sauya masa zanen gado da asuba ba tare da sauran yara sun sani ba, Allah ya saka wa matar nan. Bayan wata biyu kukan ya tsaya, aka rubuta wa iyayensa cewa ya saba. Da ya kai shekara goma, wata Lahadi ina kusa aka haɗa shi da kakarsa a waya. Tana ta jero masa gaisuwa da kirari irin na kaka da jika, shi kuwa sai "eh" da "a'a". Da ya ajiye wayar ya ce mini da Turanci yana jin duk abin da take faɗa, amma amsar ba ta zuwa. Ya ci jarrabawarsa, ya shiga makarantar da mahaifinsa ke buri. Amma ni har yau in na tuna fuskarsa a ranar nan sai raina ya sosu.

Turawan su kansu sun daɗe suna tattauna wannan. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Joy Schaverien, ta yi nazari a kan manyan da aka kai makarantar kwana suna ƙanana, ta nuna yadda da yawa suka koyi danne abin da ke ransu har ya bi su cikin aure da tarbiyyar 'ya'yansu. Daina kuka ba kullum yake nufin sabo ba. Wani lokaci yaro ya gane ne ba mai zuwa. Shi ya sa yau iyayen Ingila kaɗan ne ke kai ɗan takwas kwana na dindindin. Sun fi son ya riƙa kwana biyu ko uku a mako, ko ya dawo gida kowace Juma'a. Sakamakon haka, a ƙaramar makaranta in Asabar ta yi gida kan watse, a bar yara biyar ko shida da suka zo daga ƙasashen waje. Mu ma a gida mun san zafin raba yaro da mahaifiyarsa da sunan neman ilimi, kuma tsadar makaranta ba ta rage wannan zafin.

Dole in ambaci tsaro. Waɗannan makarantu suna da tarihin da ba shi da kyau: duka, da cin zarafin yara da aka riƙa rufewa don kare sunan makaranta. Sai a 1999 aka haramta bulala a makarantun kuɗi na Ingila, kuma babban kwamitin binciken cin zarafin yara da ya kammala aikinsa a 2022 ya tono abubuwa masu tayar da hankali a makarantun kwana. Yau an tsaurara ƙwarai: ana binciken tarihin duk ma'aikaci kafin a ɗauke shi, kowace makaranta na da jami'in kare yara, hukumar ISI kuma na kai ziyarar duba tana wallafa rahotonta a intanet. Ka karanta rahoton makarantar da ake nuna maka tun daga farko har ƙarshe, ko ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka. Ka kuma tuna yaron da iyayensa ke ƙetare sai an naɗa masa mai riƙo a Ingila, wanda zai karɓe shi a hutun tsakiyar zango da ƙarshen makon da ake sallamar yara. In ɗan'uwa ne na jini mai iyali, madalla. In kamfani ne, gidan baƙi za a riƙa kai shi.

Ga shawarata kai tsaye, tunda ita ka nema. Kada ka kai shi kwana yana ɗan takwas. In da hali mahaifiyarsa ta bi shi, akwai biza ta musamman ga ɗaya daga cikin iyayen yaron da bai kai sha biyu ba, sai ya yi jeka-ka-dawo: ya samu duk alherin da na lissafa da rana, da dare ya dawo ya ci tuwo, ya yi salla a bayan wani, ya ji harshensu. In hakan ba zai yiwu ba, ka bar shi a gabanka zuwa sha ɗaya. Ka ƙarfafa masa karatun littattafan Turanci da lissafi, ya yi nisa a Alƙur'ani, sallarsa ta zauna, Hausarsa ta yi ƙwari. Rajistar babbar makaranta ana iya yinta daga Najeriya, jarrabawar kwamfutar ma ana rubuta ta a ƙasashen waje. Makarantun share fage da yawa na maraba da yaro ɗan sha ɗaya don ya yi shekara biyun ƙarshe, kuma yaran da na ga sun zo a wannan shekarun sun cim ma sauran a Latin da Faransanci cikin shekara guda in sun dage. Bambancin ɗan takwas da ɗan sha ɗaya a ɗakin kwana ba kaɗan ba ne: na sha ɗaya ya san dalilin zuwansa, yana iya faɗin abin da ke damunsa, yana iya cewa a'a.

Duk lokacin da ka tashi zuwa dubawa, kada ka je ranar da suka ware don baƙi, an share ko'ina an jera furanni. Ka nemi ranar Talata ko Alhamis ta yau da kullum. Ka ce ɗalibi kake so ya zagaya da kai, ba ma'aikaci ba, ka tambaye shi wajen wa yake zuwa in ransa ya ɓaci da dare. Ka zauna ka ci abincin rana tare da su. Ka tambayi yara nawa ne suka kwana a makarantar Asabar ɗin da ta wuce, a ba ka adadi, kuma 'yan shekara nawa ne. Ka nemi ganin metiron ka zauna da ita ko na minti goma ne, don ita ce za ta ji tarinsa da tsakar dare. Kuma ka tafi da Hajiya, ta shiga ɗakin kwanan da kanta ta ga gadon da ake cewa ɗanta zai kwanta a kai.